Na'urar sanyaya ɗaki tana ba da sanyi, amma anya lafiyarta ƙalau?

Tambaya: Na'urar sanyaya ɗakina irin mai gida biyu ce, ɗaya a ciki ɗaya a waje, ƙarfin doki ɗaya da rabi, shekararta 4. Har yanzu tana ba da sanyi, sai dai ɗakin yana daɗewa kafin ya ɗauka, kuma wutar da take ci ta ƙaru. Sau biyu ke nan mai gyara yana ƙara mata gas. Ta yaya zan gane ko akwai wata matsala a ɓoye kafin ta tsaya gaba ɗaya?

Amsa:

Malam, ƙara gas har sau biyu cikin shekara 4 kaɗai ya isa ya nuna akwai abin da ba daidai ba. Gas ɗin na'urar sanyaya ɗaki ba ya ƙonewa kamar man mota, zagaye kawai yake yi a cikin bututu rufaffe, daga gidan ciki zuwa na waje ya sake dawowa. Na'urar da aka haɗa da kyau za ta iya shekara 10 ko fiye ba a ƙara mata ko giram ɗaya ba. Saboda haka ɗayan biyu ne: ko dai akwai inda yake yoyo ba a toshe ba, ko kuma an ƙara shi ne ba tare da buƙata ba, alhali matsalar tana wani wuri. Duka biyun kwamfureso, wato injin da ke matsa gas, suke cutarwa, kuma shi ne ɓangaren da ya fi tsada a jikin na'urar.

Aikin na'urar shi ne kwashe zafin ɗaki ta zubar a waje. Gas yana ɗaukar zafin a koyil ɗin ciki, wato wannan nadadden bututun mai siraran fallayen alminiyam da ke bayan filta. Kwamfureso ya matse shi, koyil ɗin waje kuma ya saki zafin ga iska. Duk abin da ya hana iska ratsa ɗaya daga cikin koyil biyun, ko ya rage gas, ko ya raunana wuta, zai sa kwamfureso ya yi ta wahala na watanni, kai kuwa kana jin sanyi kana zaton lafiya lau. Shi ya sa tafin hannu ba ya isa gwaji.

Fara da ma'aunin zafi. Ƙarami ma ya isa, irin mai nuna lamba. Rufe ƙofa da taga, sa na'urar a kan sanyi, kai ta lamba mafi ƙanƙanta a rimot, fanka kuma a ƙarfinta na sama. Ka bar ta minti 15 tana aiki. Sai ka auna iskar da take shiga ta saman gidan ciki, ka sake auna wadda take fitowa daga baki, ma'aunin yana cikin iskar ba tare da ya taɓa ƙarfe ba. Lafiyayyar na'ura tana ba da bambancin digiri 8 zuwa 12 a ma'aunin Salshiyas. Idan iskar ta shiga a 28, ya kamata ta fito tsakanin 16 da 20. Ranar da iska take da laima sosai bambancin yakan ɗan ragu, domin wani ɓangare na ƙarfin yana tafiya ne wurin tatsar ruwa daga iskar. Idan ka ga ƙasa da digiri 8, ka yi zargin ƙarancin gas, ko dattin koyil ɗin waje, ko kwamfureson da ya fara gajiya. Idan kuma ya haura 13 ko 14 amma iskar tana fitowa a raunane, to hanyar iska ce ta toshe. Mutane da yawa suna jin wannan iska mai ɗan karen sanyi su yi murna, alhali alama ce ta cewa koyil yana dab da daskarewa. Rubuta lambobin da kwanan wata, ka sake aunawa bayan wata biyu ko uku. Bambancin da yake zamewa kaɗan-kaɗan, daga 11 zuwa 9 zuwa 7, shi ne sawun ƙaramin yoyo.

Daga nan sai hanyar iska, kuma a nan nake so ka fi daɗewa, domin da yawa daga cikin abin da ake ɗora wa gas laifinsa a nan yake. An bar jaki ana dukan taiki. Filta kowa ya san ta: a zaro ta, a wanke da ruwa, a bar ta ta bushe a inuwa, duk mako biyu zuwa huɗu, gwargwadon ƙurar wurin. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce sauya toshasshiyar filta kaɗai yana rage cin wuta da kashi 5 zuwa 15 cikin 100. Amma akwai wurin da ido ba ya kai wa. Kashe na'urar daga bango, buɗe marfin bakin iska da hannu a hankali, ka haska tocila ciki. Za ka ga doguwar fanka mai siffar gora, mai ƙananan fikafikai da yawa. Idan ƙura da laima suka haɗu a kansu, sukan zama baƙin laka da fumfuna, su cike lanƙwasar fiffiken da ke ɗebo iska. Injin yana juyawa, ƙara tana nan, amma iskar ta ragu sosai. Alamominta uku ne: ƙananan baƙaƙen ɓurɓushi a ƙasa ko a kan labule, sauti mai hawa da sauka kamar numfashi, da kuma iskar da ba ta fitowa daidai. Ɗauki zaren takarda mai laushi ka bi bakin na'urar daga hagu zuwa dama tana aiki. Inda takardar ta daina kaɗawa ko ta koma ciki, nan dattin ya yi kauri. Wanke filta ba ya taɓa wannan fanka, sai an kwance murfi an wanke ta da ruwa, an kare allon lantarki da leda.

Gidan waje shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Haska tocila ta bayan fallayen ka duba ta wajen fanka ko haske yana ratsawa. Wani lokaci fuskar waje tana da tsabta, amma ƙura ta yi bargo a tsakiya. Sa hannu gaban fankar tana aiki: ya kamata iskar ta fi ta waje zafi sosai, yadda ba sai an gaya maka ba. Idan fanka tana juyawa amma iskar ba ta da wani zafi, kwamfureso bai tashi ba ko gas ya kusa ƙarewa. Ka kuma duba mazauninsa. Yana buƙatar kusan santimita 30 tsakaninsa da bango ta baya, da buɗaɗɗen fili na mita ɗaya ko fiye a gaba. Idan an kewaye shi da katanga ko keji mai matsi, iskar zafin da ya fitar ita zai sake shaƙa, matsi ya hau, wuta ta ƙaru. A wanke shi da ruwan tiyo mara ƙarfi bayan an kashe wuta. Ruwa mai tsananin ƙarfi yana kwantar da fallayen, a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Yanzu ka duba bututun tagulla biyu da suka shiga gefen gidan waje, babba da ƙarami. Bayan minti 15 na aiki, babban ya kamata ya yi sanyi yana zufa kamar kwalbar da aka fito da ita daga firji. A irin taka, ƙaramin ma yana da sanyi, domin abin da ke shaƙe gas ya rage matsinsa yana cikin gidan waje ne. Abin lura shi ne farar ƙanƙara. Idan ta fito a kan ƙaramin bututu da notinsa, babban kuwa ya bushe ba sanyi, mafi yawan lokaci gas ne ya yi ƙasa. Idan babban ne ya yi ƙanƙara, ko koyil ɗin ciki ya daskare gaba ɗaya, fara zargin iska: filta, fanka, ko injin fanka da ya rage gudu. Wannan na biyun yana da hatsari, saboda gas ɗin bai samu zafin da zai mai da shi tururi ba, sai ya koma wa kwamfureso a matsayin ruwa, kwamfureso kuwa tururi aka yi shi ya matsa, ruwa yana fasa masa bawul kuma yana wanke masa mai. Duk lokacin da ka ga ƙanƙara, mai da na'urar kan fanka zalla har ta narke da kanta, ko da zai ɗauki awa biyu. Kada a kankare da wuƙa ko sukudireba.

Yoyon gas ba ya wari da za ka dogara da shi, amma yana barin shaida. Man kwamfureso yana zagayawa tare da gas, don haka inda gas ya fita mai ma yana fita. Nemi wurin da ya yi maiƙo, ƙura ta manne ta yi duhu, alhali kewayensa a bushe. Wurin da ya fi yoyo shi ne mahaɗa huɗu, biyu a waje biyu a bayan gidan ciki, inda aka buɗa bakin bututu kamar mazurari aka ɗaure da noti. Idan bakin ya karkace, ko ya tsage saboda an ɗaure fiye da kima, ko ba a ɗaure sosai ba, zai riƙa tsiyaya a hankali har shekara. Sai murafun bawul, da ɗan ƙaramin bawul ɗin da ake saka gas mai kama da na tayar mota, sai kuma lanƙwasar ƙarshen koyil. Kashe na'urar ka jira minti 10, domin a lokacin ne matsi ya fi yawa a babban bututu, sai ka shafa kumfar sabulu mai kauri a mahaɗan. Ka tsaya ka zuba ido, ƙaramin yoyo yakan ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ya tayar da ƙwayar kumfa guda.

Idan sabulu bai nuna ba, aikin ya koma hannun ƙwararre, kuma ga yadda aikin kirki yake. A kwashe sauran gas ɗin, a cika bututun da iskar naitirojin ba tare da an wuce matsin da aka rubuta a jikin na'urar ba, a bar shi awanni a ga ko allurar ma'aunin matsi za ta sauka. Ba a yin wannan gwaji da iskar oksijin, haɗuwarta da mai a cikin matsi tana iya fashewa. Bayan an gano wurin an gyara, a sa famfon zuƙe iska har ma'aunin sauran iskar da ke ciki ya kai maikiron 500 ko ƙasa, a rufe a ga ya tsaya. Sannan a zuba gas a kan sikeli, daidai nauyin da aka rubuta a allon gidan waje, tare da ɗan ƙarin da littafin na'urar ya faɗa idan bututun ya wuce tsawon da kamfani ya tanada. Wanda ya zo da tulun gas kawai, ya yi ta zubawa yana taɓa bututu har ya ji sanyi, ƙiyasi yake yi.

Dalilin da ya sa nake matsawa a kan wannan shi ne, gas ɗin da ke zagayawa ne yake sanyaya injin kwamfureso. Na'urar da gas ɗinta ya ragu tana iya ci gaba da ba ka ɗan sanyi, amma injin yana dahuwa a ciki, fentin da ya rufe wayoyinsa yana ƙonewa sannu a hankali. Yawan gas kuma yana hauda matsi da cin wuta, ya turo ruwa cikin kwamfureso. Ka kuma karanta irin gas ɗin a allon: R22 ne, ko R410A, ko R32. Ba a gauraya su. R22 tsohon yayi ne da ake janyewa a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin samaniya. R410A yana aiki da matsin da ya fi na R22 da kusan rabi, kuma a matsayin ruwa ake zuba shi domin haɗin gas biyu ne. R32 yana iya kama wuta kaɗan, don haka ba a kusantar da wutar walda sai an kwashe shi tas.

Wasu matsalolin tun ranar haɗawa aka binne su. Idan ba a zuƙe iska da laima daga bututu ba, laimar tana haɗuwa da man sababbin na'urori ta zama asid, ko ta daskare a siririn bututun da ke shaƙe gas. Sai ka ga na'urar ta yi sanyi na ɗan lokaci, ta daina, ka kashe ta huta, ta sake yi. Bututun da ya lanƙwashe ya shaƙe a inda ya ratsa bango shi ma yana kwaikwayon ƙarancin gas, a yi ta ƙarawa ba sauyi. Bi bututun da hannu ta saman soson da ya rufe shi ka ji ko akwai wurin da ya baje.

Ruwa kuma. Na'ura irin taka tana iya tatsar lita ɗaya zuwa biyu a awa idan iska tana da laima, kuma duk ta tiyon magudana zai fita. A lokacin busasshiyar iska ƙarancin ruwa ba laifi ba ne. Amma idan akwai laima, na'ura tana sanyi, tiyo kuwa ba ya ɗiga, to ruwan yana zuwa wani wuri, ko cikin bango ko bayan gidan ciki. Gwajin mai sauƙi ne: kashe wuta, cire filta, zuba ruwa lita ɗaya a hankali a kan koyil, wani ya tsaya waje ya ga ko ya fito duka ba jinkiri. Yauƙi da gansakuka ke toshe tiyon, ko ya yi ciki a tsakiya ruwa ya kwanta, ko an tsoma bakinsa cikin bokitin da ya cika. Ana son ya gangara aƙalla santimita ɗaya a kowace mita. Fentin da ya kumbura ko tabo mai launin ƙasa a ƙarƙashin gidan ciki yana iya zama zufar babban bututu ne, inda soson da ya rufe shi ya yage. Warin masai kuwa yana nufin an haɗa tiyon da bututun ƙazanta kai tsaye ba tare da lanƙwasar da ke tare wari ba.

Ɓangaren lantarki kunne ne yake fara kama shi. Tsaya kusa da gidan waje lokacin da kwamfureso zai tashi. Jinkirin kusan minti 3 bayan kunnawa da gangan aka sa shi, don matsi ya daidaita. Abin da ba daidai ba shi ne gurnani na daƙiƙa kaɗan, sai ƙaras, sai shiru, bayan ɗan lokaci ya maimaita. Wannan kwamfureso ne yake son tashi ya kasa, abin kariyarsa yana yanke wuta. Mafi yawan lokaci kafasita ce ta yi rauni, wata ƙaramar gwangwani mai ba injin ƙarfin juyawa. Ta kwamfureson doki ɗaya da rabi takan kai maikirofarad 30 zuwa 35. Idan samanta ya kumbura ko tana tsiyayar mai ta mutu, amma tana iya raunana ba tare da ta nuna a ido ba, sai an auna da mita. Idan ta sauka da fiye da abin da aka rubuta a jikinta, yawanci kashi 5 ko 6 cikin 100, a sauya da mai lamba iri ɗaya. Kada ka taɓa ta da kanka, tana riƙe wuta ko bayan an kashe. Na'urori masu inbata, wato masu ƙara gudun kwamfureso ko rage shi gwargwadon buƙata, yawanci ba su da irin wannan ta kwamfureso, amma allon lantarkinsu yana riƙe wutar da ta fi haɗari.

Bayan na'urar ta yi awa ɗaya tana aiki, taɓa murfin makunnin bango ko filogi. Ɗumi kaɗan ba komai, zafi sosai ko warin ƙonannen roba yana nufin waya ta saki a wurin ɗauri ko ta yi siriri. Na'ura irin taka tana son layinta ita kaɗai, da wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 2.5. Birekar da ke yawan faɗuwa gargaɗi take yi, ba a maganinta da saka mai girma. Ƙarancin wuta ma yana kashe inji a ɓoye: wadda aka rubuta wa bolt 220 zuwa 240, idan wuta ta sauka ƙasa da 200, injin yana jan amfiya mai yawa ya yi zafi. A auna ƙarfin wutar lokacin da kwamfureso yake aiki, domin raunin waya ba ya nunawa sai an ɗora mata kaya. Mai gyara ya sa mita mai kama waya ya kwatanta da amfiyar da aka rubuta a allon gidan waje. Doki ɗaya da rabi mara inbata yakan ja amfiya 5 zuwa 7. Idan ta haura lambar allon, ka duba dattin koyil ɗin waje, yawan gas ko kafasita. Idan ta yi ƙasa sosai kuma sanyi ya ragu, gas ya tsere ko kwamfureso ya daina matsawa yadda ya kamata.

Ka riƙe agogo ka ƙirga tsawon aikinsa. Mara inbata yakan yi minti 10 zuwa 20 kafin ya huta, a ranar tsananin zafi ma ya zarce. Idan yana tsayawa kafin minti 5 alhali ɗaki bai yi sanyi ba, zafi ne ke yanke shi, ko ɗan sensan da ke gaban koyil ɗin ciki ya zame ya taɓa ƙarfe mai sanyi yana ba da labarin ƙarya. Idan kuma ɗakin yana sanyi nan take amma jiki yana danƙo, na'urar ta fi ƙarfin ɗakin, ba ta daɗewa ta tatse laima. Mai inbata ba ya cika tsayawa, rage gudu yake yi, wannan halinsa ne.

Sauran ƙararraki ba su da wuyar fassara. Ƙas-ƙas ɗin roba lokacin da ta fara sanyi, da ɗan sautin gudun ruwa a bututu na ɗan lokaci, ba matsala ba ne. Ƙugi mai kaifi boris ɗin fanka ne ya bushe. Kwaramniya kuwa noti ne ya saki ko robar ƙafar kwamfureso ta mutu, kuma kada a raina ta, girgiza ce ke sa bututu ya goga da ƙarfe har ya huje. Idan fitilar gidan ciki tana ƙyaftawa, ƙirga sau nawa, ko ka rubuta lambar da ta fito kafin ka kashe, ma'anarta tana cikin littafin na'urar kuma kowane kamfani da tasa.

Masu babbar na'ura mai raba iska ta bututun silin suna da ƙarin wurin dubawa. Shirin Energy Star na Amurka ya ƙiyasta cewa kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na iskar yana zubewa ta mahaɗan bututun a gidaje da yawa. Ɗaki ɗaya da ba ya sanyi, da layin baƙar ƙura a mahaɗa, su ne alamar. A irin waɗannan ƙaramin bututun tagulla ɗumi yake yi, kuma haka ya kamata.

A taka matsalar, ga yadda zan jera aikin. Yau ka auna bambancin zafi, ka haska fankar ciki da koyil ɗin waje, ka duba maiƙo a mahaɗa. A wanke duka gidajen biyu sosai kafin kowa ya ɗaura ma'aunin gas, domin matsin da aka karanta a kan na'ura mai datti ba ya faɗin gaskiya. Bayan wanki ka sake aunawa. Idan bambancin ya dawo 9 ko 10, gas ɗin da aka ƙara a baya wataƙila ya yi yawa, a duba amfiya a tabbatar. Idan bai dawo ba, a yi gwajin naitirojin, a sake yanka bakin mahaɗan a buɗa su sabo, a zuƙe iska, a zuba gas a kan sikeli. Ka nemi mai gyaran ya rubuta maka abu huɗu kafin ya tafi: inda ya samu yoyon, nauyin gas ɗin da ya zuba, amfiyar da na'urar take ja, da bambancin zafin iskar shiga da ta fita. Da waɗannan lambobin za ka kwatanta idan ka sake aunawa bayan wata uku.